Lawalin Iya

Shekaranjiya matar ɗana ta shirya ɗanta na fari za ta kai shi makarantar ƙananan yaran nan da ke bayan layinmu. Ta sa masa safa, ta rataya masa jakar da ta kusa fin shi girma, tsakanin ɗaki da ƙofar gida ta kira sunansa ya fi a ƙirga, har da sumbatar goshi, a gabana, ko a jikinta. Na buɗe baki zan ce mata 'yar nan ki ji kunyar idona mana, sai na fasa, na sunkuyar da kai na ci gaba da tsintar shinkafata. Ba tsufa ne ya kashe mini baki ba, duk wanda ya zauna da ni ya san da sauransa. Hanne ce ta faɗo mini a rai, ita da ɗanta Lawali, da ƙauyen da muka baro.

Ƙauyen namu yana arewa da Daura, ba nisa da iyaka, a bakin wata ƙorama wadda rabin shekara yashi ne zalla a cikinta, yara na tsalle-tsalle. Yanzu babu shi. In ka je ba abin da za ka tarar sai kwazazzabo da kututturan bishiyar bedi da fasassun tukwane. Makarantar firamare tana bakin gari, azuzuwan jar ƙasa da rufin kwano, ni ma na ɗan zauna a cikinta kafin in yi aure. Da na haihu sai na koma bakinta da kwanon dambu. Ina da ƙuruciyata sarai a lokacin, amma yara suka laƙa mini Inna mai dambu, tun ina zaginsu har na haƙura na riƙa amsawa. Har yau in na rufe ido ina jin safiyar garin nan. Da farko tabarya, gida-gida, sai ƙarar guga a bakin rijiya, sai yara su fito kowa da tsintsiya a hammata, waɗanda suka makara suna gudu suna tauna ɗumame. In suka fara sharar fili sai ka ji kamar ana sheƙar gero. Daga nan a buga tsohon wilin motar da aka rataye a jikin bedi, wanda muryarsa ke kaiwa har gonakin nesa, manoma ma da shi suke sanin rana ta yi. In an tashi tara kuwa, sai su yo kaina gaba ɗaya kamar an kwance awaki, kowa na miƙo hannu, ina zuba dambun gero da rama da ƙuli, ina faɗa da masu neman gyara. Na san wanda ya karya a gida da wanda bai karya ba tun daga yadda yake miƙo hannun. Yanzu jikana biskit yake ci a leda, shi kaɗai a kan kujerarsa, kuma an ce mini hakan ya fi tsabta.

Hanne aminiyata ce, danga ɗaya ta raba gidajenmu, ta kanta muke miƙa wa juna wuta da gishiri. Mace ce mai sanyin magana, mai kunya har ta yi yawa, ni kuwa bakina ba ya hutawa, shi ya sa muka daidaita. Lawali ne ɗanta na fari. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in yana kuka a tsakar gida sai ta kau da kai har wata ta ɗauke shi. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. In amarya ta yi suɓul da baka sai tsofaffi su taso mata, su ce yau ɗanki, gobe kuma surukinki za ki kira da suna ke nan. Ni ma haka na yi da tawa ta fari, ban ga wani abu a ciki ba. Ana yaye Lawali aka miƙa shi ga kakarsa ta wajen uba, wadda muke kira Iya. A ɗakinta ya tashi, a tabarmarta yake kwana, a kwanonta yake ci, gari duka Lawalin Iya ake ce masa. Hanne in ta kama dole sai ta ce na Iya, ko yaron can. Shi kuma Yaya yake ce mata, yadda ya ji ƙannen ubansa na faɗi. Abin yana tafiya daidai, don kuwa duk maganar da uwa ba za ta iya yi ba akwai bakin da zai yi mata. Iya ce ta kai shi makaranta, ita ke zuwa in an doke shi ta tsaya bakin taga ta wanke malami tas, ita ke yabonsa a gidan biki har a gaji da ji. Ni kaɗai na san Hanne kan ba ni tsaba a ɓoye, ta ce in riƙa cika wa na Iya hannu in an tashi tara, kada in ce daga wajenta ne.

Yaron yana da kai. A aji shida yake a shekarar da nake ba da labari, shi hedimasta ya damƙa wa agogonsa don ya riƙa buga wili a kan lokaci. Agogon ya yi masa yawa, sai ya tura shi can saman damtse, yana tafiya yana dubawa kamar wani ma'aikacin banki, ni kuwa ina tsokanarsa in ce ranka ya daɗe ƙarfe nawa. Malamai sun gama magana a kansa. Sun ce in aka yi jarrabawar shiga sakandare, in dai mutum ɗaya zai wuce makarantar kwana daga garinmu, to shi ne. Iya har ta sayar da tunkiya ta sayi akwatin ƙarfe ta tura ƙarƙashin gado.

Ruwan ya zo ne a tsakiyar damina, da la'asar, kowa na gani. Kwana da kwanaki ana tafka shi can arewa, mu a wajenmu yayyafi ne kawai, sai muka ji wani irin gunji daga ƙorama kamar manyan motoci sun jero. Kafin a gama kwance dabbobi ruwa ya kai gwiwa. Muka gudu kan tudun maƙabarta da yara a kafaɗa, muna kallon ɗakuna suna zama ɗaya bayan ɗaya, rumbuna suna kifewa da tsohon hatsi a ciki. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa da ƙara, durƙusawa yake yi a hankali. Makaranta ce ta ƙarshe, kwanonta ya tashi ya bi ruwa. Da ruwan ya janye sai ya bar rami a tsakiyar gari wanda raƙumi zai faɗa a neme shi a rasa. Hukuma ta zo ta duba, ta ce ba mai komawa.

Aka kwashe mu zuwa wata makarantar sakandare da ke hutu a wani gari na bakin titi, maza ɓangare guda, mata da yara ɓangare guda, don lokacin ba a daɗe da fara Shari'a ba, ana tsananta raba maza da mata a ko'ina. Gidaje da yawa a aji ɗaya, zani ne labule, kukan yara ba dare ba rana. Ba a jima ba cutar amai da gudawa ta ɓarke. Ta ɗauki yara, ta ɗauki tsofaffi, ta ɗauki Iya tsakanin hantsi da azahar, Lawali na riƙe da kanta. Da aka dawo daga binne ta, ya tsaya a bakin aji da ƙullin kayansa, bai san kusurwar da zai nufa ba. Wata tsohuwa ta ce masa ya je wajen uwarsa mana. Ya je ya zauna a gefen tabarmar Hanne, can baki-baki, kamar wanda ya zo gaisuwa, ita kuma ta tura masa kwanon tuwo ba tare da ta dube shi ba. Ina kallonsu tausayi ya cika ni, na rasa wanda na fi tausaya wa a cikinsu.

Ranar da aka zo ɗaukar sunayen 'yan makaranta ba na nan, ina asibiti da autata, ita ma cutar ta taɓa ta. Matan ne suka ba ni labari, Hanne ma daga baya ta tabbatar mini. Wata malama aka turo daga ofishin ilimi, tun da namiji ba zai shiga wajen mata ba. Yarinya ce 'yar birni, ta zauna a kan benci ta ce kowace uwa ta zo ta faɗi sunayen 'ya'yanta da ajin da suke, don a raba su makarantu a kuma ɗinka musu kaya. Takardun makarantarmu duk sun bi ruwa, malamanmu kuma an riga an watsa su wasu garuruwa, saboda haka abin da uwa ta faɗa shi ke nan. Da layi ya zo kan Hanne ajin cike yake da mata, ga yayar mijinta a zaune, ga tsofaffin gari. Ta faɗi Sa'adatu, aji uku. Ta faɗi Habu, aji ɗaya. Malama ta tambaye ta ko shi ke nan, Hanne ta ja hijabi ta rufe baki, malama ta ce ta gaba. Babu wadda ta ga laifi a wurin, kowace ta san ba Hanne ce za ta faɗi wannan suna ba. Ita ta ɗauka baffan yaron zai faɗa a ɓangaren maza, tun da uban ba ya gari. Baffan ya ɗauka tun da yaro ya koma wajen uwarsa ita za ta sa a rubuta. Yayar miji kuma ta ɗauka an riga an rubuta shi a gidan Iya. Aikin Iya ne, Iya kuwa tana ƙasa. Malamar ma ban ga laifinta ba, a inda ta tashi an daina wannan kunya, ba ta san akwai ɗan da sai an tambayi maƙwabta ba.

Bayan kaka aka raba mana gidaje a wani fili a bakin titi, ginin bulo, ɗaki biyu-biyu a jere kamar shagunan kasuwa. Ƙuri'a aka yi, sai ga wadda kuka shekara kuna gaba ta zama maƙwabciyarki, wadda kuka tashi tare tana can ƙarshen layi. Ni da Hanne sai da tafiya ta shiga tsakaninmu. Ba zaure, ba rumbu, ba ko bishiya ɗaya da akuya za ta fake. Da rana kwano ya gasa mu, hatsi yana buhu a ƙarƙashin gado ƙwari na ci, turmi ma ya canja murya a kan siminti. Rijiyar burtsatse ɗaya ce mu da 'yan gari, su suna kiranmu 'yan ambaliya, in faɗa ya tashi a layi su ce mu koma inda ruwa ya koro mu. Da yawa ba su iya zaman ba. Wasu suka bi dangi cikin Daura, wasu Mai'aduwa, wasu har Mashi, yaran da suka tashi a benci ɗaya aka watsa su ko sallama ba su yi da juna ba. Har yanzu nakan haɗu da ɗaya-ɗaya a asibiti ko gidan rasuwa, ƙato da gemu ya durƙusa ya ce Inna mai dambu ba ki gane ni ba, in tambaye shi 'yan ajinsu ya ce rabonsa da su tun sansanin makarantar nan da aka kwashe mu. Mutane suka ce mu gode Allah mun sami bulo. Mun kuwa gode, amma tsofaffinmu da cutar ta bari, a ɗakunan nan suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ciwon kirki ba.

Da aka koma karatu, yaranmu suka tafi firamaren garin da sababbin kaya shuɗi da fari. Lawali ya bi ƙannensa da koren kayan tsohuwar makarantarmu, wanda ya tsira da shi a jikinsa ranar ruwa. Ni ma na sami gefe a bakin makarantar na kafa kwanona, nesa da matan gari, shi ya sa na ga komai. Aka kira sunaye a fili, kowa ya bi malaminsa, fili ya watse ya bar yaro ɗaya a tsaye. Hedimastan mutumin kirki ne, ban taɓa riƙe shi a zuci ba. Ya ce shi sunayen da ofis ya aiko masa su ya sani, ba shi da ikon ƙara ko ɗaya a aji shida tun da 'yan jarrabawa ne, amma yaro ya riƙa zama a baya kafin uwa ko uba ya je Daura ya shaida cewa ɗansa ne. Haka Lawali ya riƙa zama a ƙasa a bayan aji. Ana kiran rajista a tsallake shi, ana raba littafi a tsallake shi, in ya ɗaga hannu malami ya ce mene ne ma sunanka. Yara suka sa masa Baƙo. In an tashi tara ba ya zuwa wajena sai mutane sun ragu, in cika masa hannu ya ci a tsaye yana kallon titi. Ran nan ya ce mini, "Inna, ranar da aka rubuta sunaye, Yaya mantawa ta yi da ni?" Na ce masa kai ma ai ka san al'ada. Ya ce ya sani, ya karkaɗe hannunsa ya tafi.

Uban yana bin motar shanu zuwa kudu, sai ya yi wata ba a gan shi ba. Da ya dawo aka gaya masa, ya tura ƙaninsa wajen hedimasta, aka ce masa ba baffa ake nema ba. Shi ma kunyar ce ke cinsa, namiji da gemunsa ya shiga ofis ya ce ɗana wane, sai ya ce a bari ya dawo daga wannan tafiyar, ya sake hawa mota. Makonni suka yi ta wucewa. A islamiyyar matan aure da aka buɗe mana, malamin ya taɓa yin wa'azi a kan wannan kunya, ya ce ba ta da asali a addini, na fari da na ƙarshe duk amana ɗaya ce. Mata suka yi ta gyaɗa kai, aka tashi kowa ta koma yadda take. A hanyar gida na tsare Hanne na yi mata tas. Na ce yaron nan yana lalacewa a gabanmu, ya fara fashin makaranta, an gan shi yana wuni wurin masu gyaran babur, in lokacin jarrabawa ya wuce ba ta da abin da za ta ce wa Iya ranar gobe. Na ce ta dai ji abin da malam ya faɗa.

"Kunnena ya ji," in ji ta. "Bakina ne bai ji ba. Ke kin san tun da aka raɗa masa sunan nan ban taɓa fitar da shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Tsoro nake in buɗe baki ya ƙi fitowa."

Na ce to ta shirya zan raka ta, in ya ƙi fitowa ni in fizgo shi.

Ranar kasuwar Daura muka tafi mu uku, bayan ta nemi izini wajen ƙanin mijinta. A mota Lawali ya zauna gaba cikin maza, mu a baya. Har muka sauka leɓɓan Hanne suna motsi, na ɗauka tasbihi take yi, ashe gwaji ne. A ofishin aka ce yaro ya jira a waje, ya koma can gindin wata bishiya ya zauna da takalmanmu a gabansa. Muka daɗe a benci kafin a kira mu gaban wani ma'aikaci mai furfura, ga janareta na ruri a bayan taga. Na fara zuba bayani, ya ɗaga mini hannu ya ce uwar yake son ji. Ya tambaye ta ko ɗanta ne, ta gyaɗa kai. Ya ce ta faɗi sunansa. Na ga gumi ya keto mata a goshi, ta kama gefen tebur. Ta faɗa, amma ko ni da ke jikinta ban ji ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ɗaga murya, injin nan ba ya bari a ji." Ta sake, bai ji ba. Sai ta rufe ido ta ce, "Lawali. Ɗana ne, na fari." Hawaye suka zubo mata, ni ma ban san lokacin da nawa suka zubo ba. Mutumin ya rubuta, ya cire tabarau, ya dube mu da tausayi, ya ce ina ma mun zo kafin watan nan ya kama. Sunayen 'yan jarrabawa sun riga sun tafi Katsina, ba mai iya dawo da su. Abin da zai iya yi shi ne a sa yaron a aji biyar ya jira baɗi.

Da muka fito na gaya wa Lawali yadda aka yi. Zan shiga abin da uwarsa ta faɗa, sai ta matse mini hannu ta ƙarƙashin hijabi, na tsaya a nan. Ya ji aji biyar, ya ji baɗi. Ya miƙo mana takalmanmu.

La'asar ta yi muka isa tasha. A ranar kasuwa a wancan lokacin akan ware mota guda ta mata zalla, sai ƙananan yaran da ke tare da iyayensu, ita muka tarar tana lodi. Cike take da matan layinmu da suka ci kasuwa, yayar mijin Hanne na ciki, da wasu tsofaffin garinmu. Hanne ta shiga, ni na tsaya miƙa ƙullina a ɗora mini a sama, Lawali ya sa ƙafa zai hau. Kwandasta ya tare shi da hannu, ya dube shi sama da ƙasa, don ya fara tsawo. Ya leƙa cikin motar ya ce, "Wannan ɗan wace ce a cikinku? In da uwarsa a nan ya hau." Idanu suka koma kan Hanne. Wallahi ba ta daɗe ba, iyakarta numfashi ɗaya, ta sunkuyar da kai yadda ta saba tun tana amarya. Na juyo zan yi magana, ya riga ni.

"Ni kaɗai ne," ya ce. Ya sauke ƙafarsa, ya juya ya shiga cikin mutane.

Sai na ji abin da ban taɓa zaton zan ji ba. Hanne ta ture matar da ke bakin ƙofa, ta leƙo har hijabinta ya zame, ta ƙwala kiran sunansa a tsakiyar tashar Daura da muryar da ban san tana da ita ba. Ta kira, ta sake kira. Masu lodi suka waiwaya, masu sayar da rake suka waiwaya. Ina hango koriyar rigarsa tana ratsa mutane, shi bai waiwayo ba. Na bi shi da gudu har bakin titi na rasa inda ya yi, na dawo na tarar direba ya tada mota yana cewa ba zai jira kowa ba. A hanya yayar mijin, ƙasa-ƙasa amma don a ji, ta ce ashe ruwan nan har da kunya ya tafi.

Bayan kwana biyu aka gano shi a shagon wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, inda wani ɗan garinmu ke aiki. Uban ya je ya dawo da shi da duka, yaron ya ɗan kwana biyu ya koma shagon. Aka sake, ya sake, aka haƙura. Mai shagon ya riƙe shi da amana, ba zan ci haƙƙinsa ba, in lokacin salla ya yi shi ke kora shi masallaci, da ya ga yana da lissafi kuma ya sakar masa shago. 'Yan ajinsu suka yi jarrabawa. Wanda Lawali ke koya wa lissafi a gindin bedi ya tafi makarantar kwana, yau yana aiki a Katsina. Shi bai sake taka aji ba, daga baya ma ya bi ƙanin maigidan nasa kudu. Yakan zo da salla, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya ce Yaya ina wuni, ya ajiye atamfa da sabulu, ita ta amsa tana kallon bango. Matan layi kuwa sun daɗe suna yi da ita, a bakin rijiya a kwaikwayi kiran da ta yi a tasha a yi dariya, ba a dai yi a gaban 'ya'yanta. Ta sa na yi mata alkawari ba zan tada masa maganar ranar nan ba muddin tana raye. Ta ce ta kira shi a gaban duniya ya ƙi juyowa, fushi yake yi kuma yana da gaskiya, kada in je in roƙa mata. Da wannan ta zauna, yana cinta, ina gani. Ban sake jin sunan a bakinta ba.

Hawan jini ne ya ɗauke ta, da sauran ƙarfinta. Lawali ya iso bayan an kai ta, magidanci da 'ya'yansa, ya zauna karɓar gaisuwa cikin maza. Da mutane suka ragu ya shigo gaishe ni, na ce masa ya zauna, alkawarin da na ɗauka ya ƙare. Na gaya masa abin da ya faru a ofis, da ƙarar injin, da yadda ta kama tebur, da abin da ta faɗa, ban rage komai ba. Ya yi ta murza hularsa. Sai na tambaye shi abin da ya daɗe a raina. Na ce duk da haka ɗan nan, uwa ta kira ka a tasha a gaban jama'a har hijabinta na zamewa, ko fushi kake yi ai ka waiwaya. Ya ɗago ya dube ni, na ga fuskarsa ta canja.

"Ita ce?" ya ce. "Na ji kiran, Inna. Na ɗauka wata ce ke kiran ɗanta."